Ranar da Farin Kada Ya Ɓace

Marigayi Sufeto Kemas Rozali, Allah ya haskaka kabarinsa, mutum ne da wasanni ba su dame shi ba. Shekara ashirin da uku yana aikin ɗan sanda a bakin kogin Musi, amma bai taɓa tsayawa kallon tseren jirage ba. Yakan ce ƙarti su jeru cikin katako suna dukan ruwa, wani na buga musu ganga, shi bai ga abin kallo a nan ba. Sai ga shi ƙarar da ta fi ci masa rai a shekararsa ta ƙarshe, ta jirgin tsere ce.

Ranar Juma'a ce, wajen biyu da rabi na rana. Dawowarsa daga masallaci ke nan, ya buɗe kwanon shinkafa da miyar kifi, ko loma uku bai yi ba, sai ofis ya kaure da hayaniya. Ɗalibai ne sun fi ashirin, masu shuɗiyar riga da masu koriya, kowa na nuna wani da yatsa.

Ya rufe kwanon, ya fito.

"Ku rufe min baki! Nan kasuwar kifi ce? Kai, dogo, waye kai?"

"Alfian, Pak," in ji shi, wato ranka ya daɗe a yarensu. "Kyaftin ɗin ƙungiyar tuƙi ta Kwalejin Fasaha. An sace mana Farin Kada."

"Mene ne kuma Farin Kada?"

Duk suka dube shi kamar ya tambayi sunan garin. Saje Darwis, wanda ɗan masunta ne, ya matso ya yi masa raɗa. "Jirgin tsere ne, Pak, na mutum goma sha biyu. Babu kamarsa a kogin nan."

"Ga kuma ɓarauniyar nan," in ji Alfian, yana nuna wata gajeriyar yarinya mai koren ɗankwali. "'Yan allura ne suka ɗauke shi."

"Ƙarya kake, ɗan sifana!" in ji yarinyar. "Jirgin da ƙuri'a ta ba mu ne zan sata?"

Sai da Sufeto ya kori kowa waje, ya bar su biyun, sannan ya gane zancen.

Kwalejoji huɗu ne suke da ƙungiyoyin tuƙi: Fasaha, Jinya, Noma da ta Malamai. Ɗalibai ne ke tafiyar da abinsu da kansu. Shekara da shekaru ba su ga maciji da juna, kowane tsere sai an tashi da fasa kai da filafili, har hukumar wasanni ta gari ta hana su hawa kogi. A bana kyaftin huɗun suka zauna suka ce abin ya isa haka. Suka haɗa jiragensu huɗu a rumfa ɗaya. Suka yarda kafin kowane tsere a jefa ƙuri'a, jirgin da ya faɗo maka shi za ka hau, don kada masu jirgi mai kyau su yi ta cinyewa. Makullin rumfa kuwa wata-wata yake zagayawa.

Jibi Lahadi mutanen hukuma za su zo. In jirage huɗu suka jeru, aka tashi lafiya, za a yi wa gasar rajista. In ba haka ba, an rufe maganar ke nan.

"Wa ke riƙe da makulli a watan nan?" in ji Sufeto.

Yarinyar ta ɗaga hannu a hankali. Sunanta Nyimas Yulinar, kyaftin ɗin Kwalejin Jinya, ita ce kuma ta fara kawo shawarar haɗin kan.

"Ka gani ko, Pak?" in ji Alfian. "Jiya ƙuri'a ta ba su Farin Kada. Ɗoki ya hana su haƙuri. Sun bari maza duk mun tafi masallaci, suka fita da shi su gwada, suka kifar da shi, yanzu sun ɓoye."

Wayar tebur ta yi ƙara. Shugabar Kwalejin Jinya ce. Maganarta gajeriya: makarantarsu ba ta riƙe ɗalibar da sunanta ya shiga littafin 'yan sanda da laifin sata. In ya shiga, a faɗa mata, ta rubuta takardar kora.

Yulinar tana jin komai. Wata uku ya rage mata ta gama.

Shugaban ofis ya leƙo, ya ce shi ba ya son taron ɗalibai a ƙofarsa. Ko a samo jirgi kafin azahar ɗin gobe, ko a rubuta sunan mai makulli a wuce wurin.

Sufeto ya dubi kwanonsa, ya yi tsaki, ya ɗauki hula.

Rumfar jiragen a kan ruwa take. Ta tudu kowa na iya shiga, amma jirgi ba ya fita sai ta ƙofar ruwa, wadda ake ɗaurewa da sarƙa da kwaɗo. Jirage uku na nan a ɗaure, gurbin na huɗu wayam. Kwaɗon yana rataye a buɗe, ba a fasa shi ba. A jikin ƙusar da ke kusa da shi, ga wani koren ƙyallen ɗaure goshi mai tambarin Jinya.

"Na waye wannan?"

Yulinar ta sunkuyar da kai. "Nawa ne, Pak."

"Kin zo nan yau?"

"A'a. Ina ɗakin kwana tun safe."

"Shi ƙyallen ne ya zo shan iska shi kaɗai?"

Ta kawar da kai gefe.

A can kusurwa wani dattijo na zaune a kan kifaffen bokiti, ya haɗa kai da gwiwa. Saje Darwis ya ce Mang Syamsul ke nan, mai koyar da 'yan Fasaha, shi ne kuma yake tsayawa a bayan Farin Kada yana juya shi, shekara talatin da ɗaya. Mahaifinsa ne ya sassaƙa jirgin kafin ƙungiya ta mallake shi.

"Sannu, Mang," in ji Sufeto. "Yaushe rabonka da jirgin?"

"Jiya da yamma, Pak. Ni na ɗaure shi da hannuna." Ya share hawaye. "Yau ina masallaci, ina fitowa aka tare ni da wannan labari."

"Da wa ka yi salla?"

"Sahunmu ɗaya," in ji Alfian da sauri. "Ina gefensa."

Mang Syamsul ya ɗago ya dube shi, sannan ya gyaɗa kai.

Sufeto na zagaya rumfar sai idonsa ya kai kan wata kanta can sama kusa da rufi. Wani ƙunshi ne a naɗe da rawayan ƙyalle, an ɗaure shi tsaf. Ya sa Saje ya sauko da shi. Da aka kwance, sai ga kan kada na katako, fari tas, haƙora a jere. A gefensa fegi biyu na katako, su ma an naɗe su.

Saje ya sunkuya zai ajiye shi a ƙasa.

"Kar ka ajiye!" Alfian ya daka tsalle ya tallabe shi. "Ba ya taɓa ƙasa! Ba a kuma nutsar da shi cikin ruwa. Haka dokarsa take tun daga gidan su Mang."

"To a nan ake ajiye shi kullum?"

"A'a, Pak. Jiya aka ɗaura masa shi saboda tseren jibi. A jikin jirgin ya kwana."

Sufeto ya juya fegin a hannunsa. Babu tabon guduma ko kaɗan.

"Wa ya iya cire wannan?"

"Mang kaɗai," in ji Alfian, har da ɗaga ƙirji. "Akwai yadda ake murɗa shi. Ni shekarata uku ina roƙo, ko taɓawa bai bar ni na yi ba."

"Duk mai ido zai iya koya," in ji Mang Syamsul. "Tun da aka haɗa mu rumfa ɗaya, kowa tsaye yake a kaina yana kallo."

Sufeto ya koma wurin kwaɗon. Tsoho ne, da ɗigon shuɗin fenti a gindinsa.

"Wa ya kawo wannan?"

"Mu," in ji Alfian. "Na tsohuwar rumfarmu ne."

"Makulli nawa gare shi?"

"Ɗaya. Shi Mang ya ba ni, na ba haɗaka."

"Kai ɗan Fasaha ne ko? Ka taɓa ganin an sayar da kwaɗo da makulli ɗaya?"

"Ɗayan ya faɗa kogi tun shekarun baya," in ji Mang Syamsul.

"Kogin nan dai yana shan ajiya," in ji Sufeto.

A waje rikici ya sake tashi. 'Yan Noma sun iso, suna cewa a ba su jirginsu su tafi, su ba za su bar kayansu hannun ɓarayi ba. 'Yan Malamai suna ce musu 'yan taki, su kuma suna ce musu 'yan alli. Sufeto ya fito ya ce duk wanda ya taɓa igiyar jirgi ɗaya, a ofis zai kwana. Sannan ya yafito Yulinar gefe.

"Ki saurara, yarinya. Ina ƙoƙarin kada in rubuta sunanki, ke kuma kina ta miƙo min biro. Kin zo nan ko ba ki zo ba?"

Hawaye suka zubo mata. "Na zo, Pak. Wajen sha ɗaya da rabi."

"Yin me?"

"Auna wuraren zama. Yawancinmu mata ne, ƙafafunmu gajeru, ina son in san inda za mu sa matokari. Mang ya hana mu taɓa jirgin kafin ranar tsere, shi ya sa na zo a ɓoye. Zafi ya dame ni, na cire ƙyallen, na manta shi."

"A ina?"

"A cikin jirgin. Kan kujera ta uku."

"Ba a ƙusa ba?"

"Me zai kai ni ƙofar ruwa? Ban ma zo da makullin ba, yana cikin akwatina."

"Kan kadan yana jiki lokacin?"

"Yana jiki."

"To me ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

"Tsoro, Pak."

"Tsoro! Za ki yi jinyar mutane da wannan kan?" Ya juya ya bar ta a nan.

Kusa da rumfar akwai wata mai sayar da pempek, wato ƙosan kifi, Bik Rohaya, shagonta shi ma a kan ruwa. Sufeto ya zauna, ta soya masa ƙosan kifin guda uku, ta zuba masa miya mai tsami. Abincinsa na kirki na farko ke nan tun safe.

"Bik, lokacin salla kina nan?"

"Ina zan je? Ni da kuliyata ne kawai a duk bakin kogin nan."

"Me kika gani?"

"Na ga jirgi ya fito, ruwa a cike. Na ce ko gyara za a kai shi, tunda babu kai a jikinsa."

"Mata nawa ne a ciki?"

"Waɗanne mata? Mutum ɗaya ne tsaye a baya, da faffaɗar malafa. Ban ga fuska ba, idanuna ba kamar da ba. Ya bi ruwa ya yi ƙasa, sambal, ko karkata bai yi ba."

"Ba ki faɗa wa kowa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kowa ihu yake. Ka tambayi wancan dogon, ai yana nan."

Sufeto ya ajiye cokali. "Wane dogon?"

"Alfian mana. Bayan labulen can yake shigewa duk Juma'a, ya ci faranti biyu, ya kwanta da abin jin waƙa a kunne. Ubansa liman ne a unguwarsu, in ya ji, kashinsa ya bushe."

Saje ya jawo Alfian. Bai ko yi gardama ba.

"Don Allah, Pak, kada Babana ya ji."

"Ka ga Mang Syamsul a masallaci?"

"Ban je ba, ta yaya zan gan shi? Na ji ya ce yana can ne, na ce bari in laƙe a jikinsa."

"Shi kuma ya gyaɗa kai ya yarda kana gefensa."

Alfian ya saki baki, don ya gane Mang ma bai je ba.

"Ka tashi ka ba ni wuri," in ji Sufeto. "Ka zo ofishina ka kira 'yar mutane ɓarauniya, alhali kai da miya a gemu kake barci, jirginka ya wuce ta bayan kanka."

Bayan magariba ya koma gida a gajiye. Ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, wadda har yau tana nan, ba wanda ya matsar da ita. Matarsa ta kawo abinci, shi kuwa sai mita yake, yana ba ta labarin komai.

"Yara huɗu sun yi abin hankali sau ɗaya a rayuwarsu, an zo an ɓata. Na san wanda ya yi. Amma ba ni da jirgi. In babu jirgi, malafa kawai gare ni, kowa kuma yana da malafa."

"Kana ganin ya fasa shi?" in ji ta.

"Shi nake tsoro."

Ta ce, "Anya? Mutumin da zai fasa abu, zai tsaya naɗe kansa da ƙyalle? Ni dai in na naɗe abu na sa a sama, to zan dawo in ɗauka ne."

Ya dube ta, ya daɗe. Abincin ya huce a gabansa, kamar yadda ya saba barinsa, Allah ya ji ƙansa.

Da sassafe ya kira Saje Darwis.

"Kai ɗan ruwa ne. In kana son ka ɓoye jirgi mai tsawon nan, wata ɗaya ko biyu, ba tare da ya lalace ba, ina za ka kai shi?"

"Ƙarƙashin ruwa, Pak."

"Ban son wasa da safe."

"Ba wasa nake ba. Katako in ya nutse gaba ɗaya ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, har ƙara matsewa yake. Masu sassaƙa haka suke yi. A cire toshiyar gindi, a ɗora buhunan yashi, ya kwanta a laka, in ana so a tayar da shi."

"Shi ya sa aka cire kan."

Saje ya dafe goshi. "Tunda ba a nutsar da shi."

"Tun jiya ka san wannan ka bar ni ina yawo a rana?"

"Ba ka tambaya ba, Pak."

"Duk garin nan ba wanda ke magana sai an tambaye shi! Ina gidan su Mang yake?"

Gidan yana ƙasa da rumfa, a bakin wani rafi da ke shiga kogi, inda mahaifinsa yake sassaƙa a da. Ruwan kogin kullum yakan cika ya kuma janye, don haka Sufeto ya jira ya janye, wajen ƙarfe tara. Kafin ya tafi ya aika wurin masu haƙar yashi, su kawo jirginsu mai inji da babbar ƙugiyar ƙarfe.

Bai gaya wa kowa ba, amma yana isa ya tarar da ɗalibai sun cika bakin rafin, launi huɗu, kowane rukuni ya ware gefe yana harar sauran.

"Wa ya gayyace ku?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

Mang Syamsul ya fito daga gida da zane a ƙugu. "Lafiya, Pak?"

"Lafiya lau, Mang. Rafinka na zo gani."

Kainuwa ta rufe ruwan gaba ɗaya. Amma a tsakiya akwai wani dogon layi inda ganyen ya yamutse, da kuma gora guda a kafe, sabuwar sara. Saje ya shiga ƙaramin kwale-kwale, ya soka sanda a wurin. Ƙwas. Ya matsa gaba ya sake sokawa. Ƙwas.

"Mene ne a ƙasan nan, Mang?"

"Gumagumai ne. Na mahaifina. Sun fi shekara ashirin a jiƙe."

"Da sabuwar gora a kansu?"

"Tsohuwar ta ruɓe, na canza."

"Madalla. Tunda gumagumai ne, ba abin damuwa." Sufeto ya ɗaga hannu ya yafito masu yashi. "Ku saki ƙugiya a tsakiya, ku ja da ƙarfi. In ta kama, ku finciko."

Inji ya tashi. Sarƙa ta fara sauka, ƙugiyar na lilo a kan ruwa, girmanta ya kai cinyar mutum. Mang Syamsul ya zuba mata ido. Ya taka ɗaya gaba, ya tsaya.

"Pak, katakon tsoho ne."

"To sai me? Gungume ne."

Ƙugiyar ta taɓa kainuwa.

"Ku tsaya!" Dattijon ya faɗa cikin laka har gwiwa, yana ɗaga hannuwa. "Ku kashe injin nan! Za ku tsaga masa ciki! Kaurin gefensa yatsa biyu ne kawai, ba a sa masa ƙarfe, ku jakai ne?"

Sufeto ya yi alama, aka kashe inji. 

"Gefen wa, Mang?"

Mang Syamsul ya tsaya a cikin lakar, kafaɗunsa sun zube.

"Fito," in ji Sufeto. "Ka faɗa a gabansu, don da kunnensu nake so su ji."

Ya fito, ya zauna a kan wani kututture. Ya zura hannu a wuyansa ya ciro igiya, ga makulli na biyu a jiki.

"Ni ne. Na jira aka shiga salla. Buhunan yashin tun Laraba na tara su."

"Saboda me?"

"Daga itace guda mahaifina ya fitar da jirgin nan, wata bakwai yana sara. Ni na riƙe masa fitila. Shi ne za a rubuta sunansa a guntun takarda a jefa cikin hula? Yau 'yan allura, gobe 'yan taki su shigo da laka a ƙafa, jibi wani ya buga shi a jikin gada? Na faɗa wa yaran nan ban yarda ba, suka ce an yi ƙuri'a, an fi ni yawa. Na ce bari gasar ta mutu, kowa ya kwashe nasa. In an manta sai in tashe shi, in ce na tsinto."

"Ƙyallen yarinyar fa?"

Ya hau murza igiyar makullin a hannunsa.

"Da kai nake, Mang. A kujera ta uku ta bar shi. Wa ya kai shi ƙusa?"

"Ni."

"Ka san jiya da rana shugabarsu ta ce za ta kore ta?"

"Na ɗauka faɗa kawai za a yi mata."

"Ka ɗauka! Kana zaune a kan bokiti kana kuka, ana ce mata ɓarauniya a gabanka, ka ɗauka! Da ka bar shi a satar jirgi, da wataƙila na ji tausayinka. Saura awa uku in rubuta sunanta saboda katako."

Yulinar ta matso. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mang, a watan jiya kai ka gyara min riƙon filafili. Ka ce hannuna ya fi na yaranka. Man shafawa na tanada zan goge jirgin nan kafin mu hau, don na san yadda kake ji da shi."

Dattijon bai iya ɗaga ido ba.

Sufeto ya juya wurin Alfian. "Kai kuma?"

Alfian ya sosa ƙeya. "Yuli, ki yi haƙuri."

"Da ƙarfi. Kamar yadda ka yi a ofishina."

"Ki yi haƙuri! Ba ke ba ce!"

"Na ji," in ji ta. "Cire takalminka. Buhu nawa ne, Mang?"

"Arba'in da biyu."

Ta naɗe ƙafar wando ta shiga ruwa. 'Yan Jinya suka bi ta. 'Yan Fasaha suka dubi juna, suka shiga. Kyaftin ɗin Noma ya ce su dai laka ba baƙuwarsu ba ce, 'yan alli ne za su narke, sai 'yan Malamai suka yi tsalle suka riga su faɗawa. Nan da nan aka yi layi daga tsakiyar rafi zuwa tudu, buhu na bin hannu, ba ka iya bambance rigar kowa saboda laka.

Saje Darwis ya sa wa Mang Syamsul ankwa, ya kama hannunsa zuwa mota. Dattijon na tafiya yana waiwaye.

"Ba ta nan ba! Ku fara da na baya! In kun sauke goshi zai karye!"

"Shiga mota, Mang."

"Kai Alfian, sakarai, ka mayar da toshiyar kafin a kwashe ruwa! Tana cikin tulun bayan gida!"

"Na ce ka shiga mota."

Aka sa shi a baya, aka rufe ƙofa. Sufeto ya zauna a gaba, ya ciro waya ya kira shugabar Kwalejin Jinya, ya ce mata ta adana takardarta, babu sunan ɗalibarta a littafinsa. Yana cikin magana sai ihu ya tashi daga rafi. Farin bayan jirgin ya ɓullo daga cikin kainuwa, ruwa na kwarara ta gefensa.

Mang Syamsul ya manna fuska da gilashi, yana bubbuga shi da ankwa, bakinsa na motsi.

Sufeto ya rufe ido, ya ja dogon numfashi.

"Saje, sauke masa gilashin ya ƙarasa."

Gilashi na sauka muryar ta fita. "Kada ku ɗaga! Ku jijjiga shi hagu da dama, ruwan zai fita da kansa! Yulinar, ke tsaya a baya, kin fi su hankali!"

Ta ɗaga masa hannu, ta zagaya baya. Jirgin ya fara lilo, yana tasowa kaɗan-kaɗan.

"Ka gama?" in ji Sufeto.

Dattijon ya koma ya jingina, ya share ido da kafaɗa.

"Na gama, Pak."

"Ja mota, Saje."